Wane Ɗan Fasto Ne Ya Kamata Mu Ji Tsoronsa?

Karatu: 1 Sama'ila 2:12-36 da Matiyu 21:28-32



Akwai wata magana da ta zauna a bakin ikkilisiya har ta kusa zama aya: "Ai 'ya'yan fastoci haka suke." Da zarar an hango ɗan Baba Fasto a mashaya, ko an lura ya yi wata uku bai taka majami'a ba, sai a girgiza kai, a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Zumuntar Mata ta sa sunansa a addu'a, dattawa su je su ba uban haƙuri, mu kuma masu wa'azi mu sami misalin da za mu kawo ranar Lahadi ba tare da kiran suna ba, ko da yake kowa ya san wanda ake nufi. Mun daɗe muna haka, muna ganin mun san fuskar ɗan tawaye. Yau mun zo mu ce mun yi kuskuren fuska. Ɗan faston da ya fi cutar da ikkilisiya ba safai yake barin ta ba. Yana nan a sahun gaba, mabuɗin ofis yana aljihunsa, mu ne kuma muke tafa masa.

Mu je Shilo. Eli firist ne, shi ne kuma ya shugabanci Isra'ila shekara 40. 'Ya'yansa biyu, Hofni da Finehas, firistoci ne su ma, kuma haihuwa ce ta ba su muƙamin, ba ƙwace suka yi ba. Shari'a ta riga ta tanadar musu abinci: Littafin Firistoci sura 7 ya ware wa firist ƙirjin dabbar hadayar salama da cinyarta ta dama. Rabo ne mai kyau, ba wanda zai kwana da yunwa a kansa. Kitse kuwa na Ubangiji ne, ana ƙone shi a bisa bagade. To me samarin nan suka yi? Mutum ya taso daga ƙauyensa, ya jawo dabbar da ya yi shekara yana kiwo, ya yanka, ya ɗora tukunya. Nama yana cikin dahuwa sai ga baran firist da cokali mai yatsa uku, ya caka a tukunyar, duk abin da ya maƙale ya tafi da shi. Da wannan bai ishe su ba, sai suka fara aiko baran tun kafin a ƙone kitsen, ya ce ɗanyen nama ake so don gashi. In mai hadayar ya roƙa a bari a ba Allah nasa tukuna, sai a nuna masa cewa ko ya bayar da hannunsa ko a karɓa da ƙarfi. Daga baya labari ya kai kunnen tsohon cewa har kwana suke yi da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa ta sujada.

Yanzu ku lura da abin da ba a rubuta a kansu ba. Ba a ce sun gudu daga gida ba. Ba a ce sun tsaya gaban ubansu sun musanci Allah ba. Ba a ce sun koma bautar gumakan Filistiyawa ba. Da ana ɗaukar sunayen masu zuwa sujada a Shilo, da Hofni da Finehas ba su taɓa fashi ko sau ɗaya ba. Ran da suka mutu ma a bakin aiki suke. Filistiyawa sun kashe wajen mutum 4,000 a karon farko, dattawa suka ce a ɗauko akwatin alkawari, samarin nan biyu suka rako shi zuwa sansani, jama'a suka yi sowa har ƙasa ta amsa. Da za a ɗauki hoton wannan rana, da kun ga bayin Allah biyu a gefen akwatin Ubangiji, cikin kayan aiki, ana yi musu kirari. Kafin yamma sojojin ƙasa 30,000 sun faɗi, an ƙwace akwatin, su biyun sun mutu rana ɗaya. Eli, mai shekara 98, ya ji labari ya faɗo da baya daga kujera wuyansa ya karye. Matar Finehas ta haihu tana mutuwa, ta raɗa wa jaririn suna Ikabod, domin ɗaukaka ta bar ƙasar.

Wannan nau'in tawaye ɗaya ke nan. Ga na biyu, daga wata ƙasa da wani zamani.

An haifi Adoniram Judson a 1788 a arewa maso gabashin Amurka. Mahaifinsa fasto ne mai tsanani, mai burin ɗansa ya zama babban mutum. Yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya gama Jami'ar Brown a 1807 yana kan gaba a ajinsu, yana ɗan shekara 19. Amma a can ya yi abota da wani ɗalibi mai suna Jacob Eames, wanda ya jawo shi ga ra'ayin da ke cewa Allah ya halicci duniya ya ja gefe, babu wahayi, babu mu'ujiza, babu wani Ɗa da ya mutu domin kowa. Judson ya dawo gidan fasto da wannan a cikinsa. Yana iya yin shiru. Yana iya ci gaba da zama a teburin addu'ar safe, ya ce amin, ya jira a ba shi mimbari, don da irin basirarsa ba ikkilisiyar da za ta ƙi shi. Ya yi wajen shekara guda yana wannan zaman, ya ji ba zai iya ba. A 1808 ya gaya wa iyayensa gaskiya. Uban ya yi faɗa, ya kawo hujjoji, yaron ya kayar da shi a gardama. Uwar ta yi ta kuka. Ya ɗauki dokinsa ya tafi, ya je birnin Niyu Yok ya shiga ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari gari. Ba zaman kirki suka yi ba: sukan sauka a masauki, su ci su sha, su sulale da asuba ba su biya ba.

Masu rubuta tarihinsa sun ba da labarin daren da ya juya shi. Ya sauka a wani masauki a ƙauye, aka ba shi ɗaki kusa da na wani saurayi mai ciwon ajali. Duk dare yana jin nishi da kai da kawowa, yana tambayar kansa ko mutumin a shirye yake ya mutu, yana kuma jin kunyar tambayar, yana tunanin yadda Eames zai yi masa dariya in ya ji. Da safe ya tambayi mai masauki, aka ce saurayin ya rasu. Ya tambayi suna. Aka ce Eames ne, daga jami'ar su. Kafin ƙarshen wannan shekara Judson ya shiga makarantar tauhidi ta Andover, kuma ya shiga ne a matsayin wanda bai riga ya ba da gaskiya ba, bai ɓoye wa malamai haka ba. A watan Disamba ya miƙa kansa ga Kristi. Ya bar Amurka a 1812 tare da matarsa Ann, suka isa Rangun a ƙasar Bama a 1813. Shekara shida yana aiki kafin ya yi wa mutum na farko baftisma a 1819. Ya sha ɗauri fiye da shekara guda da sarƙa a ƙafa lokacin yaƙin Bama da Ingila. Ann ta rasu a 1826. Ya gama fassara dukan Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Bama a 1834, ya mutu a cikin jirgin ruwa a 1850.

Cikin duk wannan akwai ƙaramin abu guda da ya fi tsaya mana a rai, ba a kuma cika ambatarsa a wa'azi ba. Wani Bature ɗan kasuwa da aka ɗaure tare da shi a Bama ya rubuta cewa Judson ya gaya masa, kafin ya bar Amurka sai da ya sake bin hanyar nan da suka bi da 'yan wasa, yana neman waɗanda suka cuta yana biyansu. Ba wanda ya kai ƙararsa. Masu masaukin ma wataƙila sun manta. Ya ga cewa ba zai haye teku da bishara a baki da bashin mutane a wuya ba.

To ku ajiye su gefe da gefe. Duka 'ya'yan masu hidimar Allah ne, duka sun taso suna jin Maganar tun suna goye, duka sun ƙi ta. Bambancin yana wajen abin da kowannensu ya yi da sunan ubansa. Judson ya ajiye sunan a ƙofa ya fita, ya tafi ya yi zunubinsa da sunan kansa, shi ya sha wahalarsa, da iyayensa da ya sa kuka, da masu masaukin da ya koma ya biya. Hofni da Finehas sun mayar da sunan ubansu cokali. Da shi suke shiga tukunyar talaka, da shi suke rufe bakin mai hadaya, da shi suke samun matan da ba su da ikon cewa a'a ga ɗan babban firist. Kuɗin zunubinsu kuwa wasu ne suka biya: mutanen da suka fara ƙyamar kawo hadaya, matan nan da ba a ko faɗi sunayensu ba, da iyalan mutum 30,000.

Mun san wani zai ce, ashe Fasto yana yabon masu barin ikkilisiya ke nan. Allah ya sawwaƙe. Fita daga gaban Allah mutuwa ce, kuma ba kowa ne yake samun dare irin na Judson ba. Friedrich Nietzsche na Jamus ɗan fasto ne, jikan fastoci ta wajen uwa da uba. Ya fara karatun tauhidi a Bonn a 1864, ya watsar bayan zango ɗaya, ya tafi bai dawo ba, ya ƙare rayuwarsa yana rubutu gāba da bangaskiyar Kirista. Ba mu da wani labari mai daɗi da za mu liƙa a ƙarshen nasa. Duk saurayin da ke karanta wannan yana shirin ya ɗanɗana duniya tukuna ya dawo daga baya, ya tuna cewa a masaukin nan samari biyu ne suka kwana, ɗaya ne kawai ya ga safiya. Abin da muke faɗa shi ne, wanda ya fita kowa ya san ya fita. Ana iya yi masa addu'a, ana iya bin sawunsa, shi kansa ya san inda yake tsaye. Wanda ya zauna a ciki da cokali a hannu ba wanda yake nemansa, domin a ganinmu bai ɓata ba. Shi ma a ganinsa bai ɓata ba.

Ba mu ne muka ƙirƙiro wannan rabo ba. A Matiyu 21 Ubangiji ya ba da misalin uba mai 'ya'ya biyu da gonar inabi. Ɗaya ya ƙi umarnin a fili, daga baya ya canja tunani ya tafi aikin. Ɗayan ya amsa da ladabi, bai je ba. Ku duba waɗanda ake gaya wa misalin: manyan firistoci da shugabannin jama'a, a cikin Haikali, mutanen gida. Su ya gaya wa cewa masu karɓar haraji da karuwai za su riga su shiga Mulkin. Mukan karanta wannan wuri mu yi ta neman Farisiyawa a wata ɗarika. Ɗan ladabin nan a gidajenmu yake girma, mu ne muke koya masa cewa in dai ya iya rusunawa, ya iya "to, Baba", ya iya jan waƙa, sauran duk mai sauƙi ne.

Bari mu faɗi abin da muka gani da idonmu, muka kuma sa hannu a ciki. Shekarun baya, muna sababbin fitowa daga makaranta, an tura mu mu yi aiki a ƙarƙashin wani babban Rabaran a wata ikkilisiya da ba za mu ambata ba. Yana da samari biyu. Babban ya riga ya gaya wa uban a fili cewa shi ya daina ba da gaskiya, ya koma cikin gari yana gyaran babur, yana shan abin da yake sha. Kowane mako sunansa yana cikin addu'a, wani lokaci da hawaye, wani lokaci da irin addu'ar nan da take tsegumi ce da idanu a rufe. Ƙaramin kuwa shi ne abin alfaharinmu. Shi ke kaɗa fiyano, shi ne ma'ajin matasa, shi ke riƙe mabuɗin ofis. Aka tara kuɗin sayen lasifika, wata shida ba lasifika ba lissafi, duk wanda ya tambaya sai a ce masa ba ya girmama shafaffe na Allah. Sai wata yarinya cikin mawaƙa ta bayyana da ciki, ta kuma faɗi mai shi. Kwamiti ya zauna da dare. Aka yanke cewa yarinyar ta koma bencin baya, a dakatar da ita daga jibin Ubangiji. Shi kuma, "domin a kare sunan aikin Allah", a tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki a wata jiha. Makarantar tana bukatar takardar shaidar hali. Mu ne muka buga ta, mu ne muka sa hannu. Ba mu daɗe da aure ba, albashinmu yana bi ta hannun Rabaran, muka gaya wa kanmu cewa wataƙila makaranta za ta gyara shi. Ran sunan jaririn, mutum ɗaya ne daga gidan Rabaran ya je, da turmin zane da sabulu a bayan babur. Mai gyaran babur ne. Har yau bai dawo ikkilisiya ba, ba kuma za mu mai da shi waliyyi ba. Amma a wannan rana ya fi mu duka sanin abin da ke daidai, mu da kwalar fasto a wuya.

Laifin Eli ke nan, namu ne kuma. Sau da yawa akan ce Eli bai tsawata wa 'ya'yansa ba. Ya tsawata. Sura 2 ta nuna ya kira su ya yi musu magana mai kyau, mai tauhidi a ciki, ya ma gargaɗe su cewa saɓa wa Allah ya fi saɓa wa mutum hatsari. Abin da bai yi ba shi ne ya karɓe cokalin. Washegari suna bakin bagade kamar kullum. Eli yana da hula biyu, ta uba da ta babban firist, ya sa ta uba a wurin da ake bukatar ta firist. Mutumin Allah da aka aiko masa ya zarge shi da fifita 'ya'yansa a kan Ubangiji, kuma in kun karanta aya 29 a hankali za ku ga zargin yin ƙiba da hadayun jama'a bai tsaya a kan samarin kaɗai ba, ya haɗa da uban. Sura 4 kuma, da take ba da labarin faɗuwarsa, ta ga ya dace ta gaya mana cewa tsohon yana da nauyin jiki. Naman da ake ƙwacewa a ƙofar alfarwa, a tukunyar gidan Eli yake ƙarewa. Da wuya mutum ya hukunta hannun da ke cika masa kwano. Hukuncin kuma bai tsaya a ranar yaƙi ba: bayan tsararraki, Sulemanu ya tuɓe Abiyata daga aikin firist, 1 Sarakuna 2 ta ce cikar maganar da aka yi ce a kan gidan Eli.

Kada wani ya ce ai Eli rago ne, uba nagari ba zai faɗa wannan rami ba. Sama'ila fa? Shi ne yaron da aka ba saƙon hukuncin da dare, ya ga ƙarshen gidan Eli da idonsa. Da ya tsufa, sai ya naɗa 'ya'yansa Yowel da Abiya mahukunta a Biyer-sheba. Ba inda aka ce Allah ya kira su, ba kuma doka ce ta ce shugabancin mahukunta gado ne ba. Suka bi kuɗi, suka ci hanci, suka karkatar da shari'a. Dattawan Isra'ila suka zo da wannan hujjar a hannu suka ce a naɗa musu sarki. Dukan tsarin mulkin al'umma ya juya saboda annabi mai gaskiya ya kasa ganin 'ya'yansa yadda kowa yake ganinsu.

A nan ne karin maganar nan tamu, kyan ɗa ya gaji ubansa, take yi mana ɓarna. A gona daidai ne, a maƙera daidai ne. A ikkilisiya ba haka ba ne. Aikin firist na gidan Haruna gado ne bisa ga Shari'a, amma wannan ya cika a cikin Kristi. Ku karanta 1 Timoti 3 da Titus 1 daga farko har ƙarshe, za ku ga hali, da kamun kai, da rashin son kuɗi, da kyakkyawar shaida har a wurin waɗanda ke waje. Ba za ku ga sunan uba ba. Muna son labarin Franklin Graham, ɗan Billy Graham, wanda ya yi ƙuruciyarsa da taba da giya, aka kore shi daga wata kwaleji a Amurka, ya tuba a ɗakin otal a Urushalima a 1974 yana ɗan shekara 22. Labari ne na alheri, muna gode wa Allah dominsa. Sai dai mu bincika zukatanmu, mu iyaye masu wa'azi: wane ɓangare ne ya fi yi mana daɗi, tuban, ko kuwa cewa a ƙarshe ɗan ya zauna a kujerar ƙungiyar uban? In na biyun ne, to muna iya tsallake tuban mu kai yaron kujerar kai tsaye. Haka ake yi a wurare da yawa yau, inda ikkilisiya ta zama kamar shagon iyali, ana shirya magaji tun bai san Ubangiji ba.

Ku 'ya'yan fastoci da ke cikin wannan zumunta, ba mu manta da abin da kuke ɗauke da shi ba, namu 'ya'yan ma suna ɗauke da shi. Gidanku yana cikin harabar majami'a, ƙofarku ba ta rufuwa. Ana canja wa Baba wurin aiki, ku bar abokai da makaranta a tsakiyar zango. Kun ga watan da ba a biya albashi ba, kun ji dattijon da ya zagi Baba a kwamiti ya fito yana jan addu'a. Kun jira shi ran bikin makarantarku yana can jana'izar wani. Kuskuren da ɗan kowa zai yi a yi dariya, ku in kun yi sai ya zama abin wa'azi. Wasu cikinku sun ga Baba na mimbari dabam da Baba na cikin gida. Duk wannan gaskiya ne, ikkilisiya kuma tana da amsar da za ta bayar a kansa. Amma ba ya zama lasisi. Ezekiyel 18 ya rufe wannan ƙofa ta kowane gefe: adalcin uba ba ya ceton ɗa, laifin uba kuma ba ya zama hujjar ɗa. Haruna ɗaya ne ya haifi Nadab da Abihu waɗanda wuta ta cinye a gaban Ubangiji, ya kuma haifi Ele'azara da Itamar waɗanda suka ci gaba da aikin. Sama'ila a ɗakin Eli ya girma, yana ganin cokalin nan kullum, bai ɗauka ba.

In shakka ce take cin ka, faɗe ta. Gara ka zo ka ce mana "Baba, ban tabbata na gaskata ba" da ka riƙe makirufo shekara goma kana jan sujadar da ba ka yarda da ita ba. Ba za mu kore ka ba, in kuma mun yi fushi a ranar farko, ka yi mana haƙuri, mahaifin Judson ma ya yi. Ka sauka daga muƙamin, ka zauna a benci, ka yi tambayoyinka. In kuwa ka san akwai kuɗin zumunta a hannunka, ko akwai 'yar mutane da ka lalata aka rufe saboda sunan gidanku, kada ka ce ka tuba a ɗaki tsakaninka da Allah an gama. Zakka mai karɓar haraji da ya sadu da Yesu, maganar mayar da abin mutane ya fara yi. Akwai hanyar da za ka sake bi, gida gida.

Sauran matasa kuma, ku daina tsoron tambaya. Neman a karanta lissafin asusun zumunta a gaban kowa ba rashin kunya ba ne. Kada kuɗi ya fita da sa hannun mutum ɗaya, ko ɗan wane ne. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, ya yarda ikkilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada a sami abin zargi, ku duba 2 Korintiyawa 8. In manzo bai ji an raina shi ba, ma'ajin matasa ba shi da dalilin jin haushi. Ayar nan da ake jefa muku game da taɓa shafaffu, a Zabura 105 take, tana kuma magana ne a kan yadda Allah ya kare kakannin Isra'ila daga sarakunan al'ummai sa'ad da suke baƙi a ƙasa. Ba ta da alaƙa da rasit ɗin lasifika. A wajen zargi kuwa, 1 Timoti 5 ta ce a nemi shaidu biyu ko uku, don haka ba ma goyon bayan jita-jita a WhatsApp. Amma wurin nan dai ya ci gaba ya ce wanda ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa, kada kuma a yi tara. In za a sa yarinya a bencin baya, bencin yana ɗaukar mutum biyu.

Bara muka tattara ƙarfin hali muka koma garin nan. Rabaran ya riga ya rasu. Ƙaramin ɗansa yana riƙe da ikkilisiya a wani wuri, da takardar da muka sa wa hannu a cikin fayil ɗinsa. Muka nemi gidan su yarinyar, wadda yanzu mace ce mai sana'arta, yaron kuma ya kusa gama sakandare. Kawunta ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Muka faɗi abin da muka yi, muka roƙi gafara. Ta saurara har muka gama, kanta a sunkuye. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Baba Fasto, shi fa? An taɓa gaya wa mutanen da yake yi wa wa'azi?" Muka ce ba a taɓa ba. Ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ciki ta duba tukunyarta. Wasiƙar da muka rubuta wa shugabannin gundumarsa bayan mun dawo, wata bakwai ke nan ba a amsa ba, mako mai zuwa za mu kai ta biyu da hannunmu.